Abin da zafin fuwel-sel ya koya mini a Kaduna

A shekarata ta ƙarshe a sashen injiniyancin lantarki a nan Kaduna, aikin kammala karatuna ya shafi fuwel-sel, wato na'urar da ke haɗa iskar haidirojin da oksijin ta samar da lantarki ba tare da ƙona komai ba, abin da take fitarwa bayan wuta kuwa ruwa ne da zafi. Tun a 1839 William Grove na Birtaniya ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Na shiga aikin ina ganin wutar kaɗai ce abin lissafi, zafin kuma matsala ce da lagireto da fanka za su kawar.

Awon farko ne ya fara gyara mini tunani. A takarda, kowane sel guda, cikin waɗanda ake jerawa su zama na'urar, ya kamata ya ba da bolt 1.23, amma da zarar an fara jan wuta daga gare shi sai ya sauko tsakanin 0.6 da 0.7. Wannan giɓin zafi yake komawa, ma'ana kusan rabin ƙarfin haidirojin ɗin da aka sha wahala da kuɗi wajen samowa ta lagireto yake tafiya. Da na karanta cewa a Japan, tun 2009, na'urorin fuwel-sel na gida masu suna Ene-Farm suna dumama ruwan wanka da wannan zafin har ana morar fiye da kashi 80 cikin 100 na makamashin, sai na ɗauki adadin na sa a rahotona cike da murna.

Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "To ɗana, wa zai yi wanka da ruwan zafin nan a Kaduna cikin watan Afrilu?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban yi wannan tunanin ba." Gaskiyarsa ce. Gidan Japan na buƙatar ruwan zafi kullum, mu kuwa sai hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Janairu, muke nemansa da gaske. Zafin da aka tara a tanki babu mai amfani da shi, a ƙarshe zubar da shi za a yi, kuma bai halatta a sa shi cikin riba ba.

Daga nan na fahimci cewa zafi ma suna ya tara. Fuwel-sel mai siririn tantanin roba, irin wanda na yi aiki da shi, yana gudana ne tsakanin digiri 60 da 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma da wuya wannan zafin ya juya wani inji. Sai dai ya dace da wankin kayan asibiti, ya kuma dace da tsabtace madara, wadda ake riƙewa a digiri 63 na minti 30, abin da ke da muhimmanci a jihar da ke da makiyaya da yawa. Nau'in da ake yi da yumɓu na musamman kuwa yana kaiwa digiri 600 zuwa 1000, kuma shi ne zai iya tuƙa na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da zafi, bisa tsari irin na firjin kananzir da aka daɗe ana adana allurar rigakafi a cikinsa a karkara. A ganina, nan ne amfanin ƙasarmu ya fi yawa, domin sanyi muke nema a mafi yawan watannin shekara.

Akwai wasu ƙofofin asara da na taɓa a taƙaice. Kwamfiresar da ke tura iska tana cin wani kaso na wutar, kuma ana iya maido da wani abu ta hanyar sa ƙaramar farfela a mafitar iskar, kamar turbo na manyan motoci, amma sai a babbar na'ura kuɗin ke fita. A mota kuma, fuwel-sel ba ya karɓar wutar da birki ke maidowa, shi ya sa Toyota Mirai da ta fito a 2014 take ɗauke da batir.

Na sake rubuta rahoton da lissafi biyu, ɗaya na hunturu, ɗaya na bazara, kuma kafin in zana bututu ko guda sai da na je wani asibiti na zauna da masu wanki, na rubuta bokitin ruwan zafi nawa suke amfani da shi a rana da kuma lokacin da suke buƙatarsa.