Zaɓen sandar buɗe wasan pul mai inganci da sauƙin kuɗi

Duk wanda ya daɗe yana buga wasan pul, wanda a garuruwanmu ake haɗa shi da sinuka a kira su da suna ɗaya, ya san cewa bugun farko da ake tarwatsa ƙwallaye da shi ya sha bamban da sauran bugun da ke biyo baya. A nan ne ɗan wasa ke zuba dukkan ƙarfinsa, kuma a nan ne sanda ta fi shan wahala. Fatar da ke bakin sandar wasa mai ɗan taushi ce, domin ta riƙe allin da ake goga mata don kada ta zame, ta kuma murza farar ƙwallo yadda ake so, amma idan ana yawan dankara ta da ƙarfi sai ta baje, gefenta ya fito waje, ta daina bugu daidai. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin ya kamata mai son wasan da gaske ya ware sanda ta biyu domin buɗe wasa kawai, kuma ba sai ta yi tsada ba.

Abin da ya fi cancantar a kashe wa kuɗi shi ne bakin sandar. Sandunan buɗe wasa suna zuwa ne da fata mai tauri ƙwarai, ko kuma da wani ƙaƙƙarfan ƙaro da ake kira fenolik, irin wanda kamfanin Saluc na ƙasar Beljiyam ke ƙera ƙwallayen Aramith da shi. Baki mai tauri ba ya shanye ƙarfin bugu sosai, yana miƙa shi ga ƙwallo fiye da baki mai taushi, shi ya sa za ka ji wata ƙara mai kaifi idan ya haɗu da ita. Sai dai fenolik ba ya riƙe alli sosai, don haka idan hannunka ya kauce daga tsakiyar ƙwallo ko da kaɗan ne, sandar za ta zame, bugun ya lalace. Ga wanda hannunsa bai gama zama ba, na fi ba da shawarar fata mai tauri, mai faɗin milimita 13 zuwa 14, domin tana yafe ƙaramin kuskure kuma ba ta da wuyar sauyawa idan ta ƙare.

Batun nauyi kuwa shi ne inda masu saye suka fi ruɗuwa. Yawancin sanduna suna tsakanin oza 18 zuwa 21, dokar hukumar wasan ta duniya kuma ta tsayar da iyaka a oza 25, wato kimanin giram 700, kuma akwai masu ɗauka cewa gwargwadon nauyin sanda gwargwadon ƙarfin bugu. Ba haka abin yake ba. Farar ƙwallo ba ta wuce giram 170 ba, saboda haka saurin sanda ya fi tasiri a kanta fiye da ƙarin nauyi, sanda mai nauyin gaske kuwa tana rage saurin hannu, tana kuma sa mutum ya kasa buga ƙwallon da ke gaban jerin ƙwallayen a tsakiya. A ganina ya fi kyau mutum ya fara da nauyin da ya saba da shi, kamar oza 19, musamman da yake sanduna da yawa suna da kusoshin ƙarfe a gindinsu da ake iya ƙarawa ko ragewa daga baya.

Sandunan zaren kabon, wato waɗanda aka ƙera da wani abu mai ƙarfi mara nauyi maimakon katako, irin su BK Rush ta kamfanin Predator, suna da kyau kuma ba sa lanƙwashewa, amma kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli. Sandar katakon mafal daga kamfanoni masu sauƙin farashi kamar Players ko Action za ta yi wa yawancinmu aikin da muke bukata.

Idan sandar katako ka zaɓa, kada ka biya kuɗi sai ka gwada ta. Ka kwance ta gida biyu, ka mirgina kowane ɓangare shi kaɗai a kan teburin, kana kallon ko bakin yana ɗagawa yana sauka, sannan ka ɗaura su ka sake mirginawa, domin wani lokaci kowane ɓangare a miƙe yake, matsalar tana mahaɗarsu. Ka duba farin zoben da ke ƙarƙashin fatar ko ya tsage, ka kuma buga a hankali ka saurara ko akwai abin da ke kaɗawa a ciki. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a wurinmu, inda katako ke shan danshin damina sannan ya bushe ƙayau da hunturu. Saboda haka bayan ka saya, ka riƙa ajiye ta a cikin jakarta, kada ka jingine ta da bango ta kwana, kada kuma ka bar ta cikin mota a tsakiyar rana.