Hannun Baba, da ɗan aiken da ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa

Na daɗe ina son rubuta wannan abun na cutar Parkinson da ta kama Baba, duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, yau dai bayan isha'i na ce bari in zauna in faɗa ko Allah zai sa wani mai tsoho a gida ya amfana.

Baba tela ne, sama da shekara 40 yana ɗinki a nan unguwar Aboabo a Kumasi, kuma aikin hannu na wuyan babbar riga shi aka san shi da shi, in sallah ta matso har daga Asawase da Tafo ake kawo masa. Abun da muka fara lura da shi shi ne in yana zaune bayan la'asar hannunsa na dama na kan gwiwa sai ka ga babban yatsa da manuniya suna murza juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Mma ce ta fara gani, ta ce Alhaji zikiri kake yi? ya ce a'a. In ya miƙa hannun zai ɗau kofin shayi sai rawar ta lafa, ya ajiye ta dawo, wannan ne ma ya sa muka raina abun, muka ce ai tsufa ne.

Sai sauran suka biyo a hankali. In zai tafi masallaci hannun hagu na lilo na dama na manne da jikinsa. Muryarsa ta yi ƙasa sai ka matso kafin ka ji. Rubutun awon mutane a littafinsa ya ƙanƙance, farkon layi manya ƙarshen layi kamar tururuwa. Wanda ya fi yi min zafi fuskarsa ce, ta daskare, ba murmushi ba komai, har jikokinsa suka fara tsoron shiga ɗakinsa wai Kaka na fushi, wasu abokan cinikinsa ma suka ce Alhaji ya canza ya zama mai girman kai. Wallahi mutumin nan bai canza ba ko kaɗan, yana ciki yana jin komai, naman fuskar ne ya daina amsa masa.

Kun san zango, kowa da tasa fassarar. Gwaggo ta ce jifa ne daga abokan sana'a, Kawu ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tahowa, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, ni kuma na je wani shagon magani aka haɗa min ƙwayoyin ƙarin jini da na ciwon jiki, kusan shekara biyu muna wannan zagayen. Addu'a kam ba mu daina ba kuma ba za mu daina ba, amma shekara biyun nan har yau tana cina, domin da mun je asibiti da wuri da bai rufe shago lokacin da ya rufe ba.

Ranar da muka samu ganin likitan jijiya a asibitin Komfo Anokye, ba wata na'ura aka fara sa shi ba. Ta ce Baba Alhaji tashi ka yi tafiya zuwa ƙofa ka dawo, ta lanƙwasa gwiwar hannunsa ta miƙar, ta sa shi ya riƙa haɗa yatsu biyu yana buɗewa da sauri, farko ya yi da kyau, kafin ya kai goma abun ya ƙanƙance. Ta tambaya ko yana jin ƙamshi, Mma ta ce ai ya fi shekara biyar ba ya jin turaren da yake shafawa, ta tambaya bayan gida fa, muka ce kullum da ƙyar. Sai ta ce cutar Parkinson ce. Da Twi da Turanci take bayani ni ina juya wa Baba da Hausa, kuma tun daga ranar nake bin karatun abun nan, dama kimiyya nake koyarwa a makaranta amma sai da ya shigo gidanmu na fahimce shi da gaske.

Ga yadda abun yake. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma ba a haɗe suke kamar wayar lantarki ba, tsakanin wannan da waccan akwai ɗan gibi, nanomita 20 zuwa 40, wato ko ka tsaga silin gashi kashi 1,000 bai kai shi ƙanƙanta ba. Saƙo na tafiya cikin jijiya a matsayin lantarki, in ya iso bakin gibin ba zai iya tsallakewa ba, sai jijiyar ta saki wani sinadari, ɗan aike ke nan, ya haye ya je ya zauna a wani gurbi da ke jikin jijiyar gaba, gurbin nan shi ake kira risefta, makarɓin saƙo. Da na ga Baba ya yi shiru sai na ce masa kamar maɓalli da ƙofarsa ne Baba, kowane maɓalli da ƙofar da aka yanka daidai shi, ya gyaɗa kai ya ce to in maɓallin ya ɓace fa, riga ai ba ta rufuwa. Shi ke nan ya gane ciwonsa.

'Yan aiken nan suna da yawa, akwai gulutamet mai zuga jijiya, akwai GABA mai kwantar da ita, akwai serotonin, akwai asetilkolin wanda ke sa nama ya motsa. Na Baba da ya yi ƙaranci sunansa dofamin. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da likitoci ke kira substantia nigra, ƙwayoyin wurin su ke haɗa dofamin su tura shi sashen da ke saita motsi, mai ba jiki izinin ya fara tafiya, ya daidaita girman taku, ya yi lilon hannu da ƙiftawar ido da murmushi ba tare da ka yi tunani ba. A cutar Parkinson ƙwayoyin nan ne ke mutuwa sannu sannu, kuma kafin a ga rawar hannu an riga an rasa kaso mai yawa. Amma makarɓan da ke ɗaya ɓangaren suna nan lafiyarsu lau suna jira, shi ya sa magani ke aiki.

Wani likitan Landan James Parkinson ne ya fara bayanin ciwon a 1817, amma sai a 1957 wani ɗan Suwidin Arvid Carlsson ya ba zomaye maganin da ya zubar musu da sinadaran nan suka sandare, ya ba su levodopa suka miƙe suna tsalle, a 1960 kuma Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon ya tarar dofamin ɗin ya yi ƙasa sosai. Carlsson ya samu kyautar Nobel a 2000. Levodopa ɗin nan shi Baba ke sha yau. Ba a ba da dofamin kai tsaye domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barinsa ya wuce, levodopa kuwa yana wucewa, in ya shiga sai ragowar ƙwayoyin su juya shi dofamin. Ana haɗa shi da carbidopa a ƙwaya ɗaya don kar jiki ya cinye shi a hanya ya sa tashin zuciya.

Sati biyu da fara sha, wata safiya Mma ta kira ni a waya tana kuka, na tsorata, ashe Baba ne ya yi wa autar jikokinsa dariya har haƙoransa suka fito.

Amma maganin nan na da lokaci, kuma nan ne nake so masu jinya su kula. Mun lura in ya sha da safe ya bi da waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai da nama sai ranar ta lalace, kamar bai sha komai ba. Likita ta ce furotin da ke cikin wake da nama da madara hanya ɗaya suke bi da levodopa wajen shiga jini daga hanji da kuma shiga ƙwaƙwalwa, sai su yi cunkoso su tare shi. Yanzu da ya dawo asuba yake sha da ruwa, a jira kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko da ƙosai, nama kuma mun mayar da shi dare. Azumi ma sai da muka zauna da likita da malaminsa, domin ba a tsallake maganin kuma ba a yanke shi farat ɗaya, hatsari ne, malam ya ce Alhaji Allah ya yi maka rangwame ka ciyar, ranar Baba ya zubar da hawaye amma ya karɓa.

Wani abun da ya ƙara buɗe min ido, akwai wani matashi a unguwa da ke shan maganin taɓin hankali, shi ma na ga jikinsa ya ƙage yana 'yar rawa yana tafiya kamar Baba. Shi dofamin ɗinsa na nan, amma magunguna irin su haloperidol toshe makarɓin dofamin suke yi, wanda ake kira D2, don rage ruɗanin da ke damunsa, to in toshewar ta yi yawa sai ta taɓa sashen motsi. Na ce wa mamansa Hajiya don Allah kar ki daina ba shi, ki koma ki nuna wa likitansa, suna iya gyara awon. Haka ma yaranmu masu haɗiyar tramol, makarɓan da ke rage zafi suke danna wa kullum har ƙwaƙwalwa ta saba ta rage amsawa, sai ka ga wanda ya fara da ɗaya yana neman uku, in bai samu ba jiki ya ɗau ciwo da zufa, yawan haɗiyar kuma kan jawo wa wani har farfaɗiya, wannan kam sai na ware masa rubutu daban.

Kawu ya zo da maganar ƙarara wai ance tana magani, kuma gaskiya ne 'ya'yanta na ɗauke da levodopa har masana sun yi bincike a kanta, amma ba ka san yawan da ke cikin cokali ɗaya ba, na roƙe shi kar a ba Baba komai sai likita ta sani.

Baba masoyin ɗan damben nan Muhammad Ali ne tun yana yaro, yana yawan ba mu labarin zuwansa Ghana a 1964 yadda gari ya rikice. Na nuna masa bidiyon 1996 a Atlanta inda Ali ya kunna wutar Olamfik hannunsa na karkarwa duniya na kallo, na ce Baba ciwonku ɗaya, ya kalla sau uku, tun daga nan ya daina ɓoye hannunsa cikin aljihu in za shi Juma'a.

Levodopa ba ya dawo da ƙwayoyin da suka mutu, ciwon na ci gaba, yanzu ma in ƙarfin maganin ya kusa ƙarewa sai ƙafarsa ta manne a bakin ƙofa kamar an kafe ta, mun ja layuka da fenti a ƙasa, in ya kalli layin ya ce bismillah ya tsallaka sai tafiyar ta saku. Tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe ne jikinsa ya fi yi masa biyayya, lokacin yake sa a fito masa da tabarma da zare. Jiya ƙanwata ta zura masa zaren a allura ta miƙa masa, ya zauna ya gama rabin wuyan rigar sallar ɗana, da ya ji yatsun sun fara nauyi sai ya soke allurar a gefen yadin ya ce a ajiye masa sai gobe.