Godiya bayan kare kundina kan Runduna ta 102 ta sojan Faransa

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na tsaya gaban malamai uku na kare kundin digirina na biyu a fannin tarihi. Suka fitar da ni waje na ɗan lokaci, suka sake kirana suka ce na ci. Tun ranar wayata ba ta huta ba, saƙonni sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi kuɗin goro a nan. Wanda bai ga amsata ba ya yi mini afuwa.

Da Inna zan fara. Shekara biyu duk ranar Juma'a sai ta kira daga Damagaram, ta yi mini addu'a, sannan ta ƙare da tambaya ɗaya: "Wai sojan me kake karantawa ne da ba ya ƙarewa?" Inna, ga amsar yau, a karanta miki.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan ƙasa na Faransa akwai masu tafiya, akwai masu zama. Masu zaman su ne rundunonin tsaron ganuwa: a ba su yanki a ce nan ne naku, ku riƙe. A 1940 an yi irinsu biyar, daga ta 101 zuwa ta 105. Ta 101 tana Maubeuge, uku na ƙarshe suna gefen kogin Rhin, wajen Strasbourg da Colmar da Mulhouse. Tawa ita ce ta 102, wadda aka kafa a watan Janairun 1940 ƙarƙashin Janar Portzert, cikin babbar Runduna ta Tara ta Janar Corap. Aka shimfiɗa ta a bakin kogin Meuse, cikin dajin Ardennes, a tsawon da ya haura kilomita 30. Ƙashin bayanta ƙungiyoyi uku ne: rejimanti ta 148 ta sojan ganuwa, sai ƙananan birged biyu na masu bindigar mashin daga sojan mulkin mallaka, ta 42 da ta 52. Bindigogi kam suna da su. Motar da za ta ɗauke su in tafiya ta kama ce babu, don wanda ya tsara su bai taɓa sa wa ransa za su tashi ba.

Malamata da ta duba aikin, ban san da wane baki zan gode mata ba. A babina na farko na rubuta cewa rundunar ta watse da ganin tankokin Jamus, kamar yadda kowa ke faɗa. Ta ja jan biro a kai, ta ce in je in ga wurin da idona tukuna. Ranar na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na hau jirgin ƙasa daga Charleville-Mézières na nufi Monthermé, wani gari a bakin kogin Meuse da rundunar ta tsare.

A can Allah ya haɗa ni da wani dattijo ɗan garin, tsohon ma'aikacin gandun daji. Bai san ni ba, bai san daga inda na fito ba, ya sa ni a motarsa ya hau da ni kan dutse. Daga sama sai ga kogin ya yi lanƙwasa ya rungume garin, saura wani siririn wuya kawai ya haɗa shi da tudu. Muka sauko ya nuna mini ɗaya daga cikin ɗakunan kankaren da sojan suka fake: ƙarami, ruwa kwance a ciki, gansakuka ta cinye bango, tagar harbi ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Wanda ya ji sunan Ganuwar Maginot, jerin shingayen tsaron da Faransa ta gina a iyakarta, zai zaci manyan gine-gine ne na ƙarƙashin ƙasa. Nan ba haka ba ne, don manyan hafsoshi sun ɗauka dajin da kogin sun isa katanga. Baba, na gode da shayin, na gode da takalmin ruwan da ka ara mini.

A wannan wuyan ne abin ya faru. Ranar 13 ga Mayu 1940 rundunar tankoki ta 6 ta Jamus ta sauko kan Monthermé. An riga an fasa gadar, amma ragowar ƙarafunanta na cikin ruwa, Jamusawa suka yi amfani da su suka haye. Mutanen birged ta 42 suka tare su a wuyan nan har kwana biyu, alhali a Sedan da wajen Dinant an riga an ɓalle. Sai ranar 15 ga wata hanya ta buɗe, kuma kafin dare tankokin sun kai Montcornet, can bayan rundunar. Da umarnin ja da baya ya zo, mutanen da aka horar don zama suka kama hanya a ƙafa, manyan bindigoginsu a baya, tankoki na wuce su a kan titi. Nan rundunar ta ƙare, Janar Portzert da kansa ya shiga hannu. Ni dai abin da na tsaya a kai gaban malamai shi ne, aikin da aka gina ta dominsa ta yi shi. Wanda aka ɗora mata a rana ta uku ba nata ba ne, kuma mai neman laifi ya nema a teburin da aka zana ta.

Da yawa kun tambaye ni ko akwai mutanenmu a ciki. Ni ma da wannan fatan na shiga, saboda kakana ɗan mazan jiya ne na sojan Faransa. 'Yan ƙasashen da Faransa ta mallaka da ke wannan runduna daga Madagaska suke, a birged ta 42, da kuma Indocin, yankin su Biyetnam na yau, a ta 52. Nan ne abokiyar karatuna 'yar Madagaska ta cece ni. Ta zauna da ni dare uku muna bin sunaye, tana gyara waɗanda magatakarda suka karya ko suka gutsure don sun yi musu tsawo. Akwai inda ta yi shiru ta ajiye biro, ta ce irin sunan mutanen garinsu ne. 'Yar'uwa, Allah ya saka.

Ma'aikatan gidan ajiyar takardun soja na Vincennes, da kuka yi ta ɗauko mini kwali bayan kwali ba tare da ɓata rai ba, na gode.

Saura wata biyu in miƙa kundin kwamfutata ta mutu da babi biyu a ciki, ga zazzaɓin hunturu ya kwantar da ni mako guda. Yayana na Maraɗi bai tambayi komai ba, sai saƙon kuɗi na gani. Yaya, na san daga ina suka fito, Allah ya mayar da ninkinsu. Samarin ɗakinmu kuma, ku da kuka yi ta dama mini kunu kuna karɓa-karɓar zama da ni, kuka haƙura da mutumin da ke maganar kogin Meuse har cikin barci, ba ni da abin biyanku.

Uwargida, ke da yara kun fi kowa biyan kuɗin wannan karatu. Sauran maganar sai na iso.

In Allah ya yarda ƙarshen wata ina gida. Inna ta ce za a yi sauka da 'yar walima a ƙofar gida, duk wanda ke kusa yana da gayyata. Masu son kundin kuma su ɗan dakata, malamai sun ba ni gyara a taswirori biyu, da na gama zan turo.