Ruwan da ake zubarwa bayan an tace manja

A farkon damunar bara na kai ziyara wani ƙauye da ke kudancin Jihar Kaduna, can wajejen Kafanchan, inda kwakwar manja ke fitowa a bakin rafuka. Na tarar da matan gidan da na sauka suna dafa 'ya'yan kwakwa a cikin duro, su kirɓa a turmi, su zuba ruwa su murje, sannan su kwalfe man da ya taso sama. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwan da ya rage, mai kauri da launin ƙasa-ƙasa, wanda ake kwararawa da ɗuminsa cikin wani lambatu da ya gangara zuwa rafin da yara ke ɗiban ruwa. Ciyawar gefen lambatun ta ƙone, ƙasar ta yi baƙi da maiƙo, ga wani tsami da ke dukan hanci tun daga nesa.

Babu wanda ya zuba guba a cikin ruwan nan, amma yana ɗauke da ragowar mai da tsokar kwakwa, kuma idan suka fara ruɓewa a cikin rafi sai su cinye iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita. Ƙarfin gurɓatarsa ya ninka na ruwan ƙazantar gidaje kusan sau 100. A manyan masana'antu, kowane tan ɗaya na manja yana barin kimanin tan 3 na wannan ruwa, shi ya sa a Malesiya da Indonesiya, waɗanda ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, ake bi da shi ta jerin tafkuna kafin a sake shi, wasu kamfanonin ma suna rufe tafkunan su tara iskar gas mai kama wuta da ke tashi daga ruwan, wadda ake kira mitan (methane), su samar da lantarki.

Matan ƙauyen nan ba su da wannan hali, kuma ba sa buƙatarsa. Ramuka biyu ko uku a jere, nesa da rijiya, sun isa ruwan ya huce ya kwanta. Man da ya taso a kwashe a yi sabulu, laka kuma idan ta ruɓe ta zama taki. Sauran sharar dama ba a yar da ita: zare da ɓawo suna hura wuta, ƙwallon yana ba da alayyadi, dusarsa kuma masu kiwon kaji a nan cikin garin Kaduna saya suke yi.

Hukumomin kare muhalli, wato NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 da KEPA ta jiha, suna da hurumin tsawatawa, sai dai a ganina malamin gona da zai zauna ya nuna yadda ake haƙa ramin ya fi cin tara amfani a wurin waɗannan mata. Da na kawo wa Inna, uwar gidan, wannan shawara, ta ce ta yarda, muddin samarin gidan za su ɗauki diga kafin ruwan sama ya kankama.