Kurakuran da na yi wajen sauya girman zobe a kwamfuta

Ƙannena masu koyon zanen kayan ado a kwamfuta, zobe na farko da ya jawo mini asara an zana shi ne a kan lamba 7 ta awon Amurka, wato faɗin raminsa milimita 17.3, da mazaunin dutse mai faɗin milimita 6.5. Da mai zoben ta aiko cewa lamba 9 take so, sai na zaɓi zoben gaba ɗaya a manhajar zane ta Rhino na kumbura shi har raminsa ya kai kusan milimita 19, na aika aka buga siffarsa da kaki a inji, aka yi zubin zinariya da ita. Ranar da maigidana ya ɗauki dutsen zai dasa, sai dutsen ya riƙa rawa a cikin mazauninsa, domin mazaunin ya tashi daga 6.5 zuwa kimanin 7.1, alhali dutsen yana nan yadda aka saye shi. Da aka ɗora zoben a sikeli kuma, zinariyar ta haura abin da muka yi ciniki a kai da kusan kashi 30 cikin 100, saboda idan aka kumbura abu ta tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda, nauyinsa yana gudu fiye da yadda ido ke zato. Maigidana bai yi mini faɗa ba, ya dai miƙo mini zoben ya ce in je in narkar da shi da hannuna.

Wannan ne ya kai ni ga zane mai bin lambobi, wanda ake kira farametirik, irin wanda ake yi da manhajoji kamar Grasshopper a cikin Rhino, ko da MatrixGold, ko da teburin lambobi na Fusion 360. A wannan tsari mutum yana rubuta dangantakar da ke tsakanin sassan zobe, ta yadda idan ya sauya lamba ɗaya sauran za su bi ta. Sai dai na daɗe kafin in gane cewa aikin gaske yana wajen tantance lambobin da za su motsa da waɗanda za a ɗaure. Ramin yatsa shi ne ya kamata ya zama tushen komai, a gina kaurin zobe daga bakin ramin zuwa waje. Girman dutse, da kaurin ƙafafun da ke riƙe shi, da kaurin gindin zobe, lambobi ne masu zaman kansu, kada a rataya su a kan girman yatsa. Ni da fari na ɗaura kauri a kan faɗin rami bisa kaso, sai ƙananan zobba suka fito da gindi siriri wanda ɗan matsi kaɗan ke lanƙwasawa.

Inda na fi shan wuya shi ne zoben da duwatsu suka zagaye shi kaf. Na jera duwatsu 29 masu faɗin milimita 2, da tazarar kusan 0.2 a tsakaninsu, a kan lamba 7, kuma ya yi kyau. Da aka nemi lamba 5, wadda raminta milimita 15.7 ne, na ja lambar girman ƙasa na bar adadin duwatsun yadda yake, sai tazarar ta ragu zuwa ƙasa da 0.1, har mai dasa duwatsu ya rasa ƙarfen da zai lanƙwaso ya riƙe su. Abin da ya dace shi ne adadin ya fito daga lissafi: a ɗauki kewayen da'irar da ƙugun duwatsun, wato inda suka fi faɗi, ke zaune a kai, wadda ta fi kewayen ramin yatsa girma, a raba shi da faɗin dutse haɗe da tazara, a zubar da ɓurɓushin lambar, sannan a rarraba abin da ya saura daidai tsakanin duwatsun. A wancan zoben lissafin 26 ya bayar. Ku kula da wannan sosai, domin irin wannan zobe da wuya a yanka shi a ƙara ko a rage bayan an dasa duwatsu.

Akwai kuma rikicin sunayen girma, wanda kwamfuta ba ta da laifi a cikinsa. Amurka na ƙirga da lambobi, kowace cikakkiyar lamba tana ƙara kimanin milimita 0.8 a faɗin rami. Ingila na amfani da haruffa. Ma'aunin ISO 8653 kuwa kewayen ramin yake ambata da milimita, shi ya sa lamba 7 ta Amurka take kusa da 54. A Italiya ana cire 40 daga kewayen, sai wannan zoben ya zama 14. Wani ya taɓa aiko mini da lamba ta waya ba tare da ya faɗi awon ƙasar da ya yi amfani da shi ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya, na yi zato, zaton kuma ya ɓaci. Tun daga lokacin lamba ɗaya kawai nake shigarwa a fayil, wato faɗin rami da milimita, duk wani suna sai na fassara shi zuwa wannan tukuna, kuma ina rubuta wa kowace lamba sunanta a fili don kada in dawo bayan wata shida in tarar da maɓallai ashirin da ban san aikinsu ba.

Lambar da ke kan allo ma ba ita ce ke isa yatsa ba. Ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce bayan zubi, gogewar cikin zobe kuma tana cin ƙarfe ta faɗaɗa ramin. Na taɓa kwafar kason da ake ƙarawa saboda tsukewa daga wani da injinsa da mai zubinsa suka sha bamban da nawa, zobba goma na azurfa suka fito duk sun yi sako-sako. Ku zana zobe mara ado, ku kai wa mai zubin da za ku riƙa aiki da shi, ku auna shi a sandar awo kafin gogewa da bayanta, sannan ku ajiye bambancin a matsayin lamba ta daban wadda za ku iya gyarawa ranar da kuka sauya kaki ko ƙarfe.

Shi kansa yatsan yana kumbura da zafi, yana sacewa da sanyin hunturu, wani kuma gaɓarsa ta fi gindin yatsa kauri, dole zoben ya iya wuce ta. Zobe mai faɗi, kamar milimita 6 zuwa sama, ya fi siriri matse yatsa ko da raminsu ɗaya ne, saboda haka nakan ƙara masa kusan rabin lamba, kuma na saka wannan ƙa'idar a cikin fayil ɗin don kada in manta. Idan aikin na zinariya ne mai nauyi, nakan fara buga zoben gwaji na roba in ba mai shi ya yini da shi a yatsa, ya yi alwala ya yi aikinsa, kafin in sa a narka ƙarfe.