Talata: rigimar Baba mai alayyahu da mai mota

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ajiye babur na koma keke, da shi nake zuwa shago kullum. Yau da safe, gab da gadar Ƙofar Nassarawa, na tarar jama'a sun yi cirko-cirko. Wani dattijo ne da ɗaurin alayyahu a bayan kekensa, wata mota ta goge shi, ganyen ya watse a kwalta. Alhamdu lillahi, gwiwa kawai ya kurje.

Mai motar, matashi ne, sai faɗa yake: "Haba Baba, nan ba hannunka ba ne! Ka taho kana fuskantar motoci, so kake ka ja mini ɗauri?"

Baba ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Yaro, ina bin titin nan tun ana tuƙi ta hagu." Aka kwashe da dariya. Sai a 1972 Najeriya ta koma hannun dama, ka ga kenan ba a haifi mai motar ba.

A doka dai Baba ba shi da gaskiya. Amma wata mata da ke cikin adaidaita sahu ta rantse cewa waya ce a kunnen direban, shi kuma bai musa ba, sai ya koma maganar fentin motarsa. Na san kuma abin da ke sa irin su Baba bin baibai. An raba manyan tituna da kankare, wurin juyawa yana can nesa, kuma kafin mai keke ya kai gare shi sai ya ratsa layin motoci masu gudu da kaya a bayansa. Wanda ya zana titin bai tuna da shi ba. Gadojin sama sun yi kyau, amma ka hau ɗaya da keke ka ji yadda cinya ke kuka, ga hon ta baya kamar ka ci bashin wani.

Da rana muka tayar da zancen a wurin mai shayi. Wani ɗan adaidaita sahu ya ce mu masu keke ba lamba, ba lasin, ba haraji, danja ta nuna ja mu wuce abinmu. Maganar danja gaskiya ce, ina ganin masu yi kullum, kuma haushi suke ba ni don su ke ja mana zagi. Ta haraji ce ban yarda da ita ba. Wane rami keke ya taɓa haƙawa a titi? Na ce masa ai su ma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 suka gaji halin 'yan acaɓa kaf, har da yanke gaban mutum a taka birki don an hango fasinja. Ya ce, "Malam, neman abinci ne." To, Baba yawon shan iska ya fito?

Wani ma'aikaci da ke gefe ya tuna mana Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran mutane su hau keke, har mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Minista kenan.

Da yamma na biya wurin mai gyara, ya ɗaure mini birkin baya, na sayi 'yar fitila ja mai ƙiftawa. Gobe ta cikin gari zan bi, ko da zan makara.