Kasuwar Litinin a Jenne

Duk mai niyyar zuwa Jenne ta ƙasar Mali, shawarata ita ce ya isa tun yammacin Lahadi, domin ranar Litinin kasuwar garin take ci. Daga Bamako muka bi hanyar Mopti, kuma babu abin da ya ɓata mini rai sai wani jami'i a shingen bincike, wanda ya ƙi amsa sallamata, ya yi ta juya takarduna alhali babu abin da ya rage a cikinsu, sai da direba ya sa baki sannan ya miƙo mini su. Da muka tsallaka kogin Bani muka tarar da amalanken dawakai sun yi jerin gwano, kowanne shaƙe da buhunan shinkafa da ƙore.

Kasuwar tana ci ne a filin da ke gaban babban masallaci, wanda ranar Lahadi na gan shi fayau, amma kafin hantsin Litinin babu masaka tsinke. Matan Bozo, ƙabilar masunta, sun baza busasshen kifi, matan Fulani suna zaune da ƙwaryar nono, ga goro, ga busasshiyar albasa, ga kuma allunan gishirin Taudenni da ake haƙowa daga tsakiyar hamada, irin gishirin da ya ɗaukaka garin tun zamanin da ake kai zinariya Tumbutu ta kogi. Na tsaya wurin wata dattijuwa mai sayar da zanen da ake rinawa da laka. Ta faɗi kuɗi mai tsauri da ta ga baƙo ne, na ce ta bakin tafinta, “Inna, a duba mini, daga nesa nake.” Ta yi dariya ta rage kusan rabi, sannan ta ƙara mini ɗan ƙyalle gyara. Ciniki a nan ana yinsa cikin natsuwa, babu mai jan rigar mutum, kuma wannan ya fi mini abin da na saba gani a kasuwanninmu.

Masallacin kuwa sai wanda ya gani. Ginin da ke tsaye yanzu an kammala shi a 1907 a gurbin wani tsoho da ake danganta shi da ƙarni na 13, kuma ana lissafa shi a matsayin ginin ƙasa mafi girma a duniya. Yana kan dandamali mai tsayi saboda ambaliya, hasumiyoyinsa uku suna ɗauke da ƙwan jimina a ƙololuwarsu. Da na shiga sallar azahar, na taka yashi mai sanyi tsakanin ginshiƙai masu kauri, haske yana saukowa ta ƙananan kafofin rufi waɗanda ake rufewa da murfin yumɓu idan damina ta faɗi. Itatuwan giginya da suka fito daga jikin bango kuwa, a kansu magina suke takawa ranar yaɓe, wadda duk garin ke fitowa dominta kowace shekara.

Mai masaukina, wani dattijo magini, ya ciyar da ni shinkafa da kifi, ya shimfiɗa mini tabarma a kan soro, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Na ce, “Baba, ai ɗawainiyar ta yi yawa.” Ya ce baƙon kasuwa baƙon gari ne. Shi ya zagaya da ni lunguna ya nuna mini gidajen da suka fara zubewa, domin yaɓe yana cin kuɗi, ga shi rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido. Hukumar UNESCO ta sa Jenne cikin kayan tarihin duniya a 1988, sannan a 2016 ta mayar da ita jerin waɗanda ke cikin haɗari. Abin ya dame ni ƙwarai, domin masallaci yana da dubban hannuwa masu yaɓe shi, gidan talaka kuwa mai shi kaɗai yake da shi, kuma a ganina taimakon da ake kawowa ya kamata ya shiga lungunan nan.

Washegari na leƙa ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce, na wuce ta kabarin Tapama, budurwar da labarin gargajiya ya ce an sadaukar da ita lokacin kafa garin, sannan na je kufan Jenne-Jeno, tsohon garin da ke kusa da Jenne, inda aka zauna tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙasa duk fasassun tukwane. Da la'asar muka kama hanyar Bamako.